Ina kwance babur ɗina mai caji zan sayar da kayansa, amma batirin ya tsaya mini a rai

Baban Ummi, Kurna:

Assalamu alaikum. Masu sanin kan wuta da masu sanin kan ciniki, ina neman shawararku, don abu biyu ne suka haɗe mini wuri guda.

Ni tela ne, ina zaune a Kurna, shagona kuma yana Fagge. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya ma ta tsallake dubu, na ga in na ci gaba da hawa mashin ɗin fetur to ɗinkin da nake yi gidan mai nake yi wa. Sai na sayar da shi, na cika kuɗi na sayi babur mai caji na hannu a wajen wani abokin yayana. Mai bolt 48 ne, da baturan dalma guda huɗu a ƙarƙashin wurin ajiye ƙafa, kowanne an rubuta 12V 20Ah a jikinsa, wato bolt 12, Ah ɗin kuwa ma'aunin yawan cajin da yake ɗauka ne. Na ji daɗinsa ƙwarai. Ba ƙara, ba hayaƙi, ba juyen baƙin mai. Yara a layinmu har suna suka sa masa, wai Ɓarawon Dare, don sai na zo ƙofar gida suke sanin na dawo.

Bayan kamar wata takwas baturan suka gaji. In na fito da safe cike, kafin in kai shago ya fara numfarfashi, in na zo hawan gada sai na taimaka masa da ƙafa kamar mai tura baro. Wani yaro mai haɗa batura ya ce in bar wahalar dalma in koma litiyam, ya fi sauƙin nauyi kuma ya fi daɗewa. Ya haɗa mini guda ɗaya, 48V 20Ah, an naɗe shi da shuɗiyar leda an sa a akwatin roba, da cajarsa, a kan naira 210,000. Gaskiya ya yi aiki. Matsalarsa ɗaya, in na ɗauki mutum a baya na murɗa totur da ƙarfi sai ya ɗauke ɗif, sai na kashe na sake kunnawa. Na kai wa wani makanike ya riƙe shi yini guda, ya ce ya gyara, kuma tun daga ranar bai sake ɗaukewa ba.

A watan Maris aka kawo wata mahaukaciyar wuta da dare, ta ƙone mana ƙwai biyu da cajar batirin. Na duba cikin tarkacena na ga tsohuwar cajar baturan dalma tana nan lafiya lau. Ita ma 48V aka rubuta mata, bakinta kuma ya shige daidai kamar don shi aka yi ta. Na ce to ai banza ta samu, me zai kai ni kashe kuɗin sabuwa. Na yi sati uku ina caji da ita ban ga komai ba.

Ranar da abin ya faru, cikin Afrilu ne, ana zafin nan da ko tabarma ba ta kwantuwa. Na dawo bayan isha'i na shigar da babur soro na jona shi nan take. Wutar ranar kuwa ba a ɗauke ta ba har gari ya waye. Da asuba maman Ummi ta fito alwala, ta dawo ta tashe ni ta ce in zo in ji wani wari a soro. Wari ne mai ɗan zaƙi-zaƙi, ita ta ce kamar na ruwan nan da mata ke goge jan farce da shi. Na taɓa akwatin batirin na janye hannuna, don ya yi zafi kamar murfin tukunya. Fitilar caja tana nan ja, ba ta koma kore ba. Na zare, na buɗe ƙofar waje iska ta shiga. Da na murɗa makulli agogon babur ya nuna 57, alhali da in ya cika 54 da ɗoriya nake gani. Ni a lokacin har daɗi na ji, na ce yau ya ci ya ƙoshi. Da ya huce na buɗe murfin, na ga ledar ta yamutse a kusurwa ɗaya ta yi duhu, da ɗan danshi-danshi a wurin. Na goge na hau abina.

Kwana biyu bayan haka wani mai adaidaita sahu ya yanko ta hannuna a titin Katsina. Allah Ya tsare, gurjewa kawai na yi a gwiwa da kafaɗa, amma babur ya tashi daga aiki. Ƙashin bayansa ya lanƙwashe, ƙahon gaba ya karye. Mai walda ya duba ya ce ko an miƙe shi ba zai sake tafiya saiti ba.

Shi ne na yanke in kwance shi in sayar da kayan ɗai-ɗai. Abin da ke hannuna: tayar baya da injinta a ciki, lafiya lau, kwantirola (akwatin da ke sarrafa wutar da ke zuwa inji), totur da hannayen birki, agogo da fitilar gaba, kujera, tsohuwar cajar nan, baturan dalma huɗu da suka mutu, sai kuma batirin litiyam ɗin.

Wani matashi mai kai saƙo a unguwarmu ya taya batirin naira 130,000, ya ce ranar Asabar zai kawo kuɗi. Ya gwada shi a nasa babur ya zagaya layi, ya tafi da shi sumul. Bai tambaye ni komai ba, ni ma ban ce komai ba. Ina da buƙatar kuɗin, ga kuɗin makaranta ga motar keken ɗinkina da ke neman canji. Amma abin da ya hana ni sukuni shi ne, ranar hatsarin agogo 53 ya nuna, jiya da muka jona shi a babur ɗin yaron ya nuna 49, kuma kwana goma ke nan yana ajiye a soro ba wanda ya taɓa shi.

To tambayoyina: batirin nan yana da sauran rai ko ya gama? In na sayar masa na cuce shi? Sauran kayan kuma yaya zan yi in tabbatar da lafiyarsu, in haɗa su ko in raba?

Mai Sola, Zariya:

Wa alaikumus salam Malam Baban Ummi. Allah Ya ƙara tsarewa, Ya ba ka lafiya. Kafin ka gama karanta abin da zan rubuta, tashi ka fitar da batirin nan daga soro. Ka sa shi a tsakar gida ko bayan gida, a inuwa, a kan yashi ko cikin rabin duro da ka zuba wa yashi, nesa da itace da janareto da tukunyar gas da igiyar shanya. Kada ka rufe duron ruf. Ka ɗauke shi a hankali, ba jifa ba girgizawa. In ka yi wannan sai ka dawo mu yi lissafi.

Aikina haɗa sola ne da gyaran batura, kuma kuskuren da ka yi na gan shi ya fi a ƙirga, don rubutun 48V ɗin nan yana yaudarar mutane. Suna ne kawai, kamar a ce buhu, alhali buhun gero daban na siminti daban.

Batirin dalma mai bolt 12, in ana cajinsa ana kai shi wajen 14.7. Guda huɗu ke nan kusan 59. Abin da tsohuwar cajarka ke turawa ke nan. Shi kuwa litiyam ɗinka, tunda ka ce 54 da ɗoriya kake gani in ya cika, to jeri 13 ne a ciki. Ƙananan ƙwayoyi ne masu kama da batirin tocila, ana ce musu 18650 saboda kaurinsu milimita 18 tsawonsu 65. Kowace ƙwaya iyakarta 4.2. Ka ninka sau 13, ka samu 54.6. Wannan lambar ce ke jikin cajar da ta ƙone, in ka duba za ka gani. Yanzu ka raba 59 gida 13, za ka ga kowace ƙwaya ana neman ɗura mata sama da 4.5. Mutum zai ce ai ɗigo uku ne kawai. A litiyam ɗigo ukun nan shi ne tsakanin batir da gobara. Ko 57 ɗin da ka gani, kusan 4.4 ne a kan kowace ƙwaya, kuma wannan in sun raba daidai ke nan. A batirin da aka haɗa a shago ba sa rabawa daidai, jerin da ya fi rauni shi ke riga kowa cika, shi ke shan dukan. Ina kyautata zaton shi ne wanda ke kusurwar da ta yi duhu.

Ka san me ya cece ka sati uku? Ɗauke wuta. Batir mai 20Ah da caja mai 3A yana son wajen awa bakwai kafin ya cika in ya sauka sosai. Sauran ranakun ana ɗauke wutar kafin ya kai. Ranar da ta kwana, ranar cajar ta samu damar yin abin da aka ƙera ta ta yi. Kuma ba za ta koma kore ba, don ita jira take batir ya kai wajen 59 wutar da yake ja ta ragu, shi kuwa litiyam ba ya ƙin karɓa, karɓa yake ta yi yana mai da ita zafi.

Amma akwai inda na tsaya a labarinka. Kowane batirin litiyam na kirki yana da ɗan allo a ciki, masu gyara na ce masa BMS, aikinsa ya sa ido a kan kowane jeri, da zarar ɗaya ya wuce iyaka ya yanke caji. Da yana aiki, da ko da cajar dalma ba zai bari a kai 57 ba. Ka ce babur yana ɗaukewa in ka ɗauki mutum, makanike ya gyara. Wannan ɗaukewar ba lalacewa ba ce, allon ne ke cewa an ja wuta fiye da ƙarfinsa ko wani jeri ya faɗi ƙasa. Gyaran da yawancinsu ke yi shi ne su tsallake allon su haɗa waya kai tsaye. Ka je ka tambaye shi me ya yi. Ina da yaƙinin ka yi wata da watanni kana hawa batir marar mai gadi.

Abin da ke faruwa a ciki in an wuce iyaka: ƙarfen litiyam yana fara taruwa a gefe ɗaya na ƙwayar, yana tsirowa kamar ƙananan ƙayoyi. Tsakanin ɓangarori biyun ƙwayar wata 'yar siririyar leda ce kawai, ba ta kai kaurin gashi ba. In ƙayar ta huda ta, wuta na zagayawa a ciki ita kaɗai. Warin da maiɗakinka ta ji ruwan cikin ƙwaya ne ya fita, kuma ruwan nan yana kamawa da wuta. Saukowa daga 53 zuwa 49 a kwana goma ba tare da an hau ba, shaida ce cewa wani jeri yana shanye kansa. Lafiyayyen litiyam ka ajiye shi wata guda da ƙyar ka ga bambanci a agogo. Sannan ga bugun da ya sha a hatsari a kan wancan.

In ƙwayoyin masu 2,500mAh ne, wato 2.5Ah kowace, takwas-takwas ne a kowane jeri kafin a samu 20Ah, guda 104 ke nan manne da juna. Ɗaya ta kama, zafinta ya kunna ta kusa da ita, haka har su ƙare, cikin daƙiƙoƙi, suna harbawa kamar abin wasan wuta. Hayaƙinsa guba ne. Bargo ko ƙaramin abin kashe gobara ba sa tsayar da shi, domin zafin daga ciki yake fitowa, kuma yana iya mutuwa ya sake tashi bayan awanni. In ya kama, a kashe wutar gida, a fitar da mutane, a kira 'yan kwana-kwana. Ruwa mai yawa daga nesa yana sanyaya shi ya hana makwabtan kaya kamawa, amma ba aikin mai bokiti ɗaya ba ne a cikin soro.

Don haka amsar tambayarka ta farko: yana tafiya, amma ya gama. Kada a sake jona shi a caji, ko da cajar da ta dace ce.

Sauran kaya kuwa kasuwarsu na nan. Injin taya: zare shi daga kwantirola, za ka ga manyan wayoyi uku, rawaya da kore da shuɗi. Juya tayar da hannu, ta tafi sakayau. Sai ka haɗa bakin biyu daga cikinsu ka sake juyawa, za ka ji ta yi nauyi tana cijewa. Gwada kowane biyu, in nauyin iri ɗaya ne to naɗin cikinsa lafiya. Duba inda waya ta fito daga cikin gindin ƙarfen tayar, nan ne take yankewa in babur ya faɗi. Ka sayar da inji da kwantirola da totur a haɗe, ka fi samun kuɗi, don mai saye ya huta da neman wanda bakinsu zai dace. Cajar kuma ka sa makan fenti ka rubuta mata “ta dalma kawai, 59V” a jiki kafin ta bar hannunka. Mai saye ya gwada ƙafafunta da mita, domin bakin nan mai ƙafa uku irin na butar lantarki ba kowane kamfani ke jera ja da baƙi iri ɗaya ba.

Ɗan Gwangwan:

Kai Injiniya, ka tsorata bawan Allah har ya kasa barci. Malam tela, ni ɗan kasuwa ne, magana ɗaya zan yi. Yaro ya zo da ƙafarsa, ya gwada da hannunsa, ya taya da bakinsa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kayan hannu ai ba garanti. Wa ya gaya maka labarin baturan dalmar da aka haɗo ka da su lokacin da ka sayi babur ɗin? Ka karɓi kuɗinka ka biya wa yara makaranta. Matattun baturan dalma huɗun kuma kada ka yar, a kilo ake sayensu, kuma suna da nauyi, kowanne ya kai kilo shida zuwa bakwai.

Inna Hajara:

Ɗan Gwangwan, ji tsoron Allah. Rariya ana ganin hudojinta, wannan kuwa an naɗe shi a leda an rufe a akwati. Tun muna Islamiyya aka karanta mana labarin mai sayar da hatsin da ya sa jiƙaƙƙen a ƙasa busasshen a sama, da abin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce masa game da algus. Wancan ma hatsi ne, iyakarsa a yi asarar kuɗi. Yaron nan ɗakin da yake kwana nan zai kai shi ya jona.

Ɗana Baban Ummi, ni abin da ya fi tayar mini da hankali soron ne. Gidajenmu ƙofa ɗaya ce. Wuta ta tashi a soro da tsakar dare, ta ina za ka fitar da Ummi da mamanta? Jikana ma haka yake yi da nasa, na yi magana har na gaji, ranar nan na sa aka ja masa waya zuwa rumfar tsakar gida. Kuma ka gode wa matarka, hancinta ne ya yi aikin da na'urar ba ta yi ba. Baturan dalmar in za ka ba 'yan gwangwan ka ba su a rufe yadda suke, kada a fasa su a gida a zubar da ruwan inda yara ke wasa. Ba mu manta da yaran Zamfara na 2010 ba, ɗaruruwa suka rasu da gubar dalma. Can daga dutsen zinariya ta fito, amma dalma dalma ce.

Zango Boy, Bronx:

Salamu alaikum yaya Baban Ummi, sannu da arziki. Ni ɗan Kumasi ne, ina New York ina kai abinci a kan keke mai caji, shekara biyar ke nan. Abin da Injiniya ya faɗa mu nan mun gan shi da ido. A 2023 kaɗai gobarar batirin litiyam ta kashe mutum 18 a birnin nan, an ƙirga gobara sama da 260. A watan Maris na shekarar wani babban kantin kayan abinci a nan Bronx ya ƙone ƙurmus, daga batirin keke ɗaya. A watan Yuni kuma shagon gyaran kekuna a unguwar 'yan Sin ya kama da tsakar dare, mutum huɗu da ke zaune a saman benen suka rasu, ba su da keke ba su san komai ba.

Dalilin bai wuce irin naku ba. Mai kai saƙo yana aiki awa goma zuwa sha biyu, batir ɗaya ba ya isa, sabo mai kyau yana da tsada, sai a sayi na hannu ko wanda aka haɗa da tsofaffin ƙwayoyi a bayan shago. A ɗaki ɗaya sai ka ga mutum biyar da batir goma, caja kuma duk wadda hannu ya kai gare ta. Shi ya sa a shekarar hukumar birni ta yi doka, ba a sayar da keke ko batir sai mai shaidar cika ƙa'idar gwaji ta UL, wata cibiyar gwada amincin kayan lantarki, kuma an hana haɗa batir da ƙwayoyin da aka ciro daga tsohon batir a sayar. Wato irin cinikin da za ka yi ranar Asabar, a nan ko mai shago ba zai taɓa shi ba.

Ni yanzu dokokina uku ne, kuma da tsoro na koye su ba a makaranta ba. Ba na jonawa da na dawo, sai ya huce kamar awa guda. Ba na barci ya kwana a caji, ina da ɗan agogon soket da ke yanke wuta da kansa. Kuma ba ya zama tsakanina da ƙofa. Ku da kuke da zafin Afrilu abin ya fi shafarku, masu ƙera ƙwayoyin nan sun ce kada a yi caji in zafinsu ya haura 45, ku kuwa inuwarku ma tana kai 40.

Yaron nan mai kai saƙo ɗan'uwan sana'ata ne. Na san abin da 130,000 take nufi a wajensa, wataƙila adashi ya ɗauka.

Mai Sola, Zariya:

Ƙarin bayani kaɗan, don wani zai karanta ya ce to shi na dalma gare shi ba ruwansa. Dalma ba ta tashi irin ta litiyam, amma in caja ta ƙi komawa kore, yawanci saboda batir ɗaya cikin jerin ya mutu, sai ta yi ta dafa sauran. Ruwansu ya ƙafe, su kumbura har su maƙale a akwati, kuma suna fitar da iskar haidirojin mai kamawa da ɗan tartsatsi a ɗaki rufaffe. Sannan litiyam ma ba iri ɗaya ba ne. Akwai LiFePO4 da muke sa wa sola, ƙwayarsa iyakarta 3.65, mai jeri 16 cajarsa 58.4, shi ma 48V ake rubuta masa. Ya fi haƙuri da zafi nesa ba kusa ba. Ka ga caja uku ke nan masu suna ɗaya: 54.6 da 58.4 da 59. Lambar da ke gaban kalmar OUTPUT a jikin caja ita za a duba.

Baban Ummi, Kurna:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Injiniya, tun a layi na biyu na ajiye waya na fitar da shi. Yana cikin tsohon baho na ƙarfe da yashi a bayan ɗakin girki ta waje, na kifa masa kwano mai huji don kaji.

Jiya bayan la'asar na je wajen makaniken. Ban je da faɗa ba, na ce masa kawai ranar nan me ka yi wa batirina ya daina ɗaukewa. Ya yi dariya ya ce ai wannan ɗan allon ne ke da tsoro, na yi masa dairek. Har yana nuna mini wani ƙaramin kwali a ƙarƙashin tebur, allunan da ya ciccire wa mutane, sun kai goma. Nawa bai cire ba, waya ya tsallakar ta bayansa. Na karanta masa lissafin 13 sau 4.2, ya saurara, ya ce shi dai bai taɓa jin wanda ya kama ba. Na ce to saura ƙiris ka ji, kuma daga gidana. Ban san ko ya shiga kunnensa ba, amma na ga ya tura kwalin ciki da ƙafa.

Ɗan Gwangwan, maganarka a kan kilo gaskiya ce, an auna huɗun an ba ni kuɗinsu, kuma a rufe na miƙa su kamar yadda Inna ta ce. Ɗayar maganar kuwa ban iya ba. Na kira yaron na zaunar da shi a benci a ƙofar gida, na ba shi labari tun daga cajar da ta ƙone har warin asuba. Ya yi shiru, can ya ce to Baba a rage mini, in ba da 60,000, zan riƙa cajinsa a waje. Wallahi sai da zuciyata ta motsa, don sittin ɗin ma kuɗi ce. Maman Ummi tana jin mu daga soro, ta yi gyaran murya sau ɗaya. Na ce masa ba na sayarwa ba ne ko nawa ne.

Ashe ma shi abin da ya fi damunsa injinsa ne, yana ƙugi in ya ɗauki kaya. Muka kifa tayata a kan benci muka yi gwajin wayoyin nan uku, duk suka cije iri ɗaya, shi da kansa ya yi ta juyawa yana mamaki. Ya ɗauki inji da kwantirola da totur a haɗe a kan 75,000, ya ba da 50,000, saura ƙarshen wata. Da na leƙa babur ɗinsa sai na ga cajar da ke ɗaure a kujerarsa ba ta da takarda a jiki ko ɗaya, ya ce a hannun wani ya saya. Na ce ya kai a gwada masa da mita kafin dare.

Cajar dalmar na rubuta mata abin da ka ce da jan fenti, tana nan tare da agogo da fitila da kujera da hannayen birki ga mai so. Injiniya, sauran tambaya ɗaya: shi wannan na cikin baho yaya zan rabu da shi? Yaran bola jari sun gan shi sun fara zarya, kuma na san guduma za su sa masa don su ciri ƙarfen ciki. In akwai yadda za a sauke masa wutar a hankali kafin ya bar gidan, ka faɗa mini, ko in ranar Litinin kana shigowa Kano in jira ka.